Firjinta Ya Fi Nawa Sanyi

Na yi kaka guda cur ina jin haushin maƙwabciyata saboda firjin motarta ya fi nawa sanyi, kuma ba zan ce haushin ya gama fita ba har yau. Ba ta zage ni ba, ba ta ci mini komai ba. Laifinta shi ne ta iya abin da ban iya ba, alhali ni na kama hannunta na kai ta makaranta.

Sana'armu ɗaya da ita. Idan kaka ta yi muna bin kasuwannin ƙauye muna sayen wake da gyaɗa, daga Getso mu shiga Lakwaya, mu gangara har Kabo, mu tara mu kawo Gwarzo. Tafiyar takan ci kwana uku, wani lokaci huɗu, ni kuwa ba mai kwana a gidan mutane ba ce. Mai gidana tsohon direba ne, shekara talatin yana jan bas. Da ya gaji da lodin fasinja sai muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifa a gefe ɗaya, ɗaya gefen muka bar wa buhuna, muka rataya labule a tsakani. Mota ta zama ɗaki. Mu muka fara yin haka a Unguwar Tudu, wannan a rubuta a ajiye. Shekara na zagayowa maƙwabciyata da nata mijin suka yi wa tasu motar irin yadda muka yi, har launin labulen bai bambanta ba. Tun daga nan duk kasuwar da muka je, motocin biyu a jere suke tsayawa.

Daga baya ciwon suga ya kama Malam, mai gidan nawa, aka ɗora shi a kan allura safe da yamma. Malamar asibiti ta ɗaga 'yar kwalbar maganin a gabana ta ce, "Hajiya, wannan ba ya son zafi. Idan ya sha zafi ƙarfinsa tafiya yake yi, ko da a ido bai canza ba." Duk wanda ya taɓa zama cikin bas a tsakiyar kasuwa da azahar ya san tanda ce. Don haka muka sayi ɗan ƙaramin firji, muka je wurin wani mai haɗa sola a Gwarzo ya kafa mana faifai biyu a kan rufin mota, ya sa babban batir a ƙarƙashin kujera, da wani akwati da ake kira inbata, wanda ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke sha. Ba a yi wata biyu ba maƙwabciyata ta je wurin mutumin nan, ya haɗa mata nata, wai za ta riƙa ajiye nono da ruwan sanyi. Faifai biyu ita ma, batir ɗaya, girmansu ɗaya da nawa. Na je na leƙa da idona na tabbatar.

Bari in faɗi yadda muke da ita a makaranta, don a san inda abin yake yi mini ciwo. Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin manya da ake yi da yamma a firamaren unguwarmu. Wata malama 'yar Filato ke koyar da mu, Kirista ce, mai haƙuri, Hausarta ta fi ta wasunmu tsabta. Ni na ja maƙwabciyata muka tafi, tana turjewa tana cewa kanta ya riga ya bushe. Kuma gaskiyarta. Na yi wata uku ina gyara mata bakwai, kullum sai ta rubuta shi a juye. Ni kuwa lissafi kamar a jinina yake. Shekarun da na yi ina awo sun riga sun zauna mini a ka, fensir kawai aka ƙara mini. Idan Malama ta rubuta ninkawa a allo, kafin ta juyo na ɗaga hannu. Ni na zo ta ɗaya aka ba ni bokiti sabo, ita ko murfi ba ta samu ba.

Wata rana da damina, bayan an haɗa mana sola, sai ga ta ta shigo aji da fanka a ka, wayar na reto a bayanta. Aji ya kwashe da dariya, kuma muryata ta fi ta kowa. Na ce, "Yau kuma fanka ce za ta koyi a, ba, ca?" Ba ta kula ni ba. Ta dire fankar a kan teburin Malama, ta kifa ta, ta nuna wani ɗan rubutu a gindinta ta ce a faɗa mata ma'anarsa. Malama ta gyara tabarau ta shiga yi mata bayani. Na tuna sun daɗe. Na kuma tuna na juya musu baya na ci gaba da rabawar da aka ba mu, don ni a ganina ta ɗaya a aji ba ta sauraron darasin fanka.

Da kaka ta shigo muka fita. Kasuwar ƙauye ba ta cika da wuri, saboda haka da hantsi matan layinmu, masu sayen wake irinmu, sukan taru su sha shayi kafin manoma su fara sauke kaya. Wurin maƙwabciyata suke taruwa. Tana da tsohon kurfoti mai ƙafa ɗaya a karye, ta tokare shi da dutse, ta yi ta fifita gawayi hayaƙi na shiga idon mutane, su kuwa suna zaune a kan buhunanta suna shewa. Ni ina nan cikin motata ni da Malam da rediyo. Da muka koma Gwarzo na shiga kasuwa na sayo butar lantarki, fara, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka a jikinta. Ka zuba ruwa ka danna, ba hayaƙi ba toka, minti goma ta tafasa ta kashe kanta.

Fitowar da muka yi ta gaba, matan nan kaf suka dawo wurina. Wata ta ce, "Lallai Hajiya, kin koma Baturiya." Na ji daɗin nan har cikin ƙashina. Ina dafawa sau biyu da hantsi, sau ɗaya da azahar, da la'asar in ƙara, da magariba kuma sau biyu, har da na alwalar Malam idan gari ya yi sanyi. Maƙwabciyata ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli butar, ta ce, "Yaya, wannan abar za ta shanye miki wuta fa." A gaban mata na ce da ita, "Baƙin ciki dai ba ya tafasa ruwa. Koma ki ci gaba da fifita." Aka yi dariya. Ta koma.

Tun daga makon nan firjina ya fara iskanci. Kafin asuba inbata ta soma tsuwa kamar ɗan tsako, sai firji ya yi shiru. Da safe ka sa hannu a ciki ka ji ɗumi-ɗumi. Sai rana ta ɗaga ta ɗan zuba wa batir wuta ya farfaɗo, ni kuma a lokacin nake jona buta. Wani lokaci da rana tsaka ma sai ya ɗauke. Na zauna na yi tunani irin na wadda ta tashi cikin kiwo. Sa ya fi tunkiya ci, tunkiya ta fi kaza. Firji shi ne san, shi ba yadda zan yi da shi. Fanka ita ce tunkiyar. Buta kuwa da za ka iya ɗauka da yatsa biyu, wadda ba ta wuce minti goma a kunne, me za ta ci? Sai na kashe fanka. Na hana Malam jona rediyonsa. Na hana mata cajin waya, har muka yi cacar baki da wata daga Lakwaya. Ƙwan fitila biyu da muke kunnawa na mayar ɗaya. Malam ya yi ta kwana yana gumi yana fifita da murfin kwali, bai ce komai ba, don ya san wadda ya aura. Firji bai fasa ɗaukewa ba.

Na sa aka ciro batirin muka kai wa mai sola. Tun daga bakin shago na fara. Na ce ya ba maƙwabciyata mai kyau ya ba ni ruɓaɓɓe, na ce Allah na ganinsa. Mutumin ya bar ni na gama, ya ɗauko na'urarsa ya gwada, ya ce, "Hajiya, batirin nan lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai ke damunsa. Me da me kike jonawa?" Na lissafa masa firji da ƙwai da wayata. Ya ce, "Shi ke nan? Ba dutsen guga, ba hita?" Na ce babu. Ban yi ƙarya ba, ba ni da dutsen guga a mota, kuma abata buta ce ba hita ba. Amma na san abin da ya sa bakina ya ƙi ambaton ta. Idan na ambata ya ce ita ce, to maganar maƙwabciyata ta tabbata ke nan.

A Getso abin ya fashe. Malam ya yini yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zagayawa bayan kasuwa, da la'asar ya ce yana ganin mutane bibbiyu. Mijin maƙwabciyata ne ya ja motarmu ya kai mu asibiti. Suga ya hau. Aka tambaye ni ko yana tsallake allura, na ce ko sau ɗaya. Aka tambayi inda nake ajiye maganin, na faɗa, har da ɗaukewar da firji ke yi. Malamar asibitin ta kalle ni ta jefa kwalbar a kwandon shara, aka ba mu sabuwa. Da yamma babbar 'yarmu da ke aure a Kano ta kira ni. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ran nan. Ta ce, "Inna, abu biyu ne. Ko maganin Baba ya koma firjin maƙwabta, ko Baba ya zauna a gida ki nemi wani direban."

Mutumin da ya yi shekara talatin a kan hanya, idan aka zaunar da shi a zaure yana kallon awaki, ba ciwon suga ne zai kashe shi ba. Ni ma ban taɓa zama a gaban mota kusa da wani namiji ba shi ba, kuma ba a wannan shekarun zan fara ba. Na ce to, maganin ya koma firjin maƙwabta.

Haka na koma. Safe da yamma in fito daga motata in taka zuwa tata, taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga. In yi sallama, in tsaya ta buɗe firji, sanyi ya bugo ni a fuska, ta miƙo mini gwangwanin da maganin ke ciki. In kai wa Malam ya yi allura, in sake takowa in mayar. Matan layi na zaune a kan buhunana suna shan shayina suna kallo. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta yi mini gori ba. Sai dai ta ce, "Yaya, ya jikin Malam? Ga ruwan sanyi ki kai masa." Da ta yi gorin da na samu abin da zan kama. Kirkin nan nata shi ya fi ƙona ni. Malam kuma ya sha ruwan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, firjin mutanen nan da albarka yake." Ranar ban ci tuwo ba.

Muna Kabo, bayan la'asar, na je karɓo maganin na tarar ba ta nan, tana can tana auna wa wani manomi wake. Ƙofar bayan motarta a buɗe take, wadda kullum labule ke rufewa, iska ta ɗage shi. Sai na ga rubutu da farin alli a jikin ƙofar daga ciki, daga sama har ƙasa. Ko a mafarki na san rubutun nan, layin na gangarewa kamar zai faɗi, bakwai ɗin nan dai da ƙyar ya yarda ya juyo. Ta rubuta firji, sittin, awa goma sha biyu, ɗari bakwai da ashirin. Fanka, ashirin, awa takwas, ɗari da sittin. Ƙwai biyu, arba'in. Waya, arba'in. Ta ja layi ta haɗa. A ƙasa ta zana wata aba mai kama da randa, ta raba ta biyu da layi, ta rubuta dubu ɗaya da ɗari biyu a rabin sama.

"Yaya, ƙofa kike karantawa?"

Ban ji zuwanta ba. Na ce, "Munin rubutunki nake kallo. Wannan kuma wane irin tsibbu ne?"

Ta karkaɗe hannunta a zani ta ce, "Darasin fanka ne. Ai kina wurin."

Ta matso ta ɗora yatsa a kan layin farko. Ta ce kowane abu mai shan wuta an rubuta cinsa a jikinsa, a baya ko a gindi, lamba ce da harafin W a gefenta, wat ake ce masa. Wannan shi ne abin da yake sha idan ya yi awa guda a kunne. Sai ka ninka da awannin da yake yi. Ta ce firji yana hutawa yana tashi, shi ya sa ta ba shi rabin yini da kwana. Batir kuma randa ce, a jikinsa an rubuta sha biyu da ɗari biyu, ka ninka su ka san abin da randar ke ɗauka. Amma irin namu ba a shanye shi har ƙasa, rabi ake sha a bar rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Abin da faifan sola ke zubawa a yini kuwa da kaɗan ya wuce ya mayar da rabin nan.

Tana magana ina ninkawa a ka, kuma kafin ta kai ƙarshen kowane layi na riga ta. Wannan bai rage mini komai ba. Matar da na yi wata uku ina juya wa bakwai ce tsaye tana koya mini, a tsakiyar kasuwar Kabo, mutane na wucewa.

Ta ce, "Butarki nawa aka rubuta a gindinta?"

Na ce, "Ban duba ba."

"Dubu ne. Na gani ranar da kika kifa ta kina tsane ruwa."

"Tun ranar kika sani? Kika zuba ido mutum ya kusa mutuwa?"

Nan ne kawai na ga ranta ya ɓaci. Ta ce, "Haba Yaya, ji tsoron Allah. Na faɗa miki a gaban mutane, kika ce baƙin ciki nake. Na sake aiko mai gidana ya faɗa wa Malam, Malam ya ce shi ba zai iya tunkarar ki da maganar butar nan ba."

Na karɓi gwangwanin na juya. Da Malam ya gama allura na mayar, ban kalli fuskarta ba, amma na sake kallon ƙofar da kyau. Na dawo na yago murfin kwalin da Malam ke fifita da shi, na zaro fensir daga ɗankwalina, na shiga kifa kayan motar ɗaya bayan ɗaya tun da sauran haske. Firji sittin, kamar nata. Fanka ashirin. Na ɗauko butar a ƙarshe, na juya ta. Dubu ɗaya, ga shi ɓaro-ɓaro, da harafinsa a gefe. Tafasa shida, kowace minti goma, awa guda ke nan cif. Dubu ɗaya a yini, daga randar da dubu ɗaya da ɗari biyu kawai aka yarda in sha. Firji na neman ɗari bakwai da ashirin, ita ta bar masa ɗari biyu. Na sake raba dubun nan gida shida, sai na ga fankar kwana guda da na hana bawan Allahn nan yana ta gumi, tafasa ɗaya ce ta shayin matan da ko sannu ba su zo yi masa a asibiti ba.

Malam na zaune a kujerar direba yana jan carbi. Na ce, "Ashe an aiko maka da magana ka ɓoye mini?" Ya ce, "Hajiya, ni da ke wa ke ɓoye wa wani magana?"

Abu ɗaya ya ɗan sanyaya mini rai a yammacin nan. Da na haɗa lambobin da na gani a ƙofarta, ɗari tara da sittin suka ba ni. Ita kuwa ɗari takwas da sittin ta rubuta a ƙarƙashin layi. Ta manta ɗayan da ake ajiyewa, kuskuren da tun a aji nake yi mata faɗa a kansa. Na sake haɗawa sau biyu don daɗi. Sai dai ko da ɗarin nan da ta zubar, lissafinta bai kai bakin layin randa ba. Ta yi kuskure, firjinta na nan da sanyi. Ni da ban taɓa manta ɗayan ajiya ba, maganin mijina a motar wata yake kwana.

Da gari ya waye na naɗe butar a tsohon zani na cusa ta can ƙarƙashin buhunan gyaɗa. Na tsinci guntun gawayi na rubuta nawa lissafin a jikin tawa ƙofar, layi a miƙe, har da rediyon Malam da fankarsa. Na sayo kurfoti a wurin maƙeri tun kasuwa ba ta buɗe ba, mai ƙafa uku lafiyayyu. Matan layi suka fara zuwa suna tambayar ina Baturiya, na ce ta yi tafiya, mai son shayi ta kama mafici. Sannan na ɗauki murfin kwano na taka takun nan goma sha ɗaya. Na tarar da ita a durƙushe tana hura wuta. Na ce ta ɗebo mini garwashi. Ta ɗebo ta zuba mini.

Na ce, "Maganin ya ƙara kwana biyu a wurinki batirina ya ƙoshi. Rana ta uku zan zo in ɗauki abina."

Ta ce, "Allah ya kai mu, Yaya."

Na ce, "Kuma ki miƙo allin nan. Jimlarki ba daidai ba ce."